Mastas a GIS: a yi a gida, a fita waje, ko mutum ya koya da kansa?

Sadiƙu Kurna: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai. Shekara uku ke nan da na gama digiri a fannin labarin ƙasa, na yi bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Na ɗan tara wani abu, Baba kuma ya ce in dai karatu ne zai cika mini. So nake in yi mastas a GIS, wato ilimin haɗa taswira da nazarin bayanan wurare da kwamfuta. Wani abokina ya ce asarar kuɗi ce, wai duk abin da za a koya mini yana YouTube kyauta. Wani kuma ya ce in ba a waje zan yi ba gara in haƙura. A jami'a kwas ɗaya tak muka yi na GIS a aji uku, mu fiye da ɗari, kwamfutoci masu aiki ba su kai goma ba, don haka a jikin allo muka fi ganinsa. Waɗanda suka riga ni bin hanyar nan, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Kamalu: Wa alaikumus salam. Sadiƙu, ni da abokin naka na farko bakinmu ɗaya. Ba ni da mastas, kuma da wannan aikin nake riƙe da gidana shekara shida. Manhajar taswira ta QGIS kyauta ce, ka sauke yau ka fara yau. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat tun 2008 Amurka ta sake su kyauta, na Sentinel da Turai ke bayarwa ma haka. Lissafin da kwamfutarka ba za ta ɗauka ba Google Earth Engine zai yi maka, muddin karatu ko bincike kake ba kasuwanci ba. Kuɗin da za ka kai rajista ka sayi kwamfuta mai ƙarfi, RAM ɗinta ya kai 16, ka tanadi data da abin caji, ka zauna wata shida a kan harsunan kwamfuta na Python da SQL. Duk inda na je neman aiki abin da ake ce mini shi ne in nuna abin da na taɓa yi. Bara mun nemi ma'aikatan wucin gadi, wani ya zo da takardar mastas. Muka ba shi jerin asibitoci da lambobin wurinsu, muka ce ya ɗora a taswira ya fitar mana da ƙauyukan da nisansu da asibiti ya wuce kilomita biyar. Har aka tashi bai iya ba. Wallahi tausayi ya ba ni, don yaron yana da ƙwaƙwalwa, ba a dai taɓa sa hannunsa a aikin ba ne.

Dakta Bala: Kamalu, akwai gaskiya a maganarka, kuma labarin yaron nan laifinmu ne mu malamai, ba zan kare shi ba. Amma abin da ka lissafa sarrafa manhaja ne. Shi Sadiƙu ilimin yake tambaya. Tun 1992 Michael Goodchild ya ja hankali a kan wannan bambancin: akwai na'urar da ke haɗa taswira, akwai kuma kimiyyar da ke tambayar ko abin da taswirar ta faɗa gaskiya ne. Bari in ba da misali na gida. Ka ɗauki adadin masu wata cuta a jihar Kano. In ka raba shi a ƙananan hukumomi 44, taswira za ta nuna maka matsalar tana wani gefe. Ka sake raba wannan adadin dai a mazaɓu 484, sai ka ga hoton ya sauya, wuraren da suka yi fari ɗazu yanzu akwai jajayen ɗigo a cikinsu. Ba a ƙara mutum ɗaya ba, ba a rage ba, iyakokin da ka zaɓa ne suka sauya amsar. Kwamishina kuma a kan taswirar da ka miƙa masa zai tura magani. Manhaja ba za ta taɓa yi maka gargaɗi a kan wannan ba, duk wadda ka ce ta zana za ta zana, da kala mai kyau. Wannan ne ake zama aji dominsa, a karanta, a rubuta, wani ya ja maka jan biro.

Kamalu: Allah ya gafarta Malam, wannan ma ai akwai littattafansa a intanet.

Dakta Bala: Akwai su. Littattafan fiƙihu ma suna kasuwar Kurmi, amma har gobe ana zuwa zaure a durƙusa gaban malami. Mutum nawa ne zai karanta lissafin kuskuren taswira shi kaɗai da dare bayan ya dawo daga aiki, ba jarrabawa a gabansa, ba mai tambayarsa? Kai ka iya, Allah ya ba ka naci. Ba kowa ba ne kai.

Baba Garba Safiyo: Salamu alaikum. Ni tsoho ne, da sarƙa da tiyodalait muka fara, amma ku bar ni in sa baki. Ɗana Sadiƙu, abu biyu. Na ɗaya, ka sani tun yanzu mastas a GIS ba zai mai da kai safiyo mai hatimi ba. Sa hannu a takardar fili sai wanda SURCON, hukumar safiyoyi ta Najeriya, ta yi wa rajista, kuma hanyar daban ce. Na ga yara da yawa sun shiga da wannan zaton sun fito suna cizon yatsa. Na biyu, duk inda za ka yi karatun, in ba a koya maka ma'aunin da ake ɗora taswira a kai ba, ba a koya maka komai ba. Tsofaffin taswirorinmu da takardun filaye a kan ma'aunin Minna aka yi su. Wayarka da GPS ɗinka kuma ma'aunin duniya na WGS84 suke bi. A wajen Kano tazarar da ke tsakaninsu ta kusa mita 80. Ku lissafa, fuloti biyar ke nan masu ƙafa hamsin-hamsin. Na taɓa zama shaida a wata rigimar fili da wani yaro mai kwamfuta ya ɗora tsohuwar takarda a kan hoton tauraron ɗan'adam bai juya ma'aunin ba, ya nuna wa mutum cewa filinsa yana cikin gidan maƙwabci. Saura kaɗan a zubar da jini tsakanin mutanen da suka yi shekara talatin suna salla a sahu ɗaya. Sannan ƙasar nan kashi uku take a UTM, tsarin da ya yanka duniya shiyya-shiyya don zana taswira: Sakkwato tana 31, Kano tana 32, Maiduguri tana 33. Wanda bai san wannan ba kada ya taɓa takardar filin mutane.

Sadiƙu Kurna: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi maganar SURCON ɗin nan ban san ta ba.

Hajiya Rabi: Sadiƙu ƙanena, ni na yi nawa a makarantar ITC da ke Enschede a ƙasar Holan, shekara biyu, da tallafin karatu. Amma ba daga can zan fara ba, daga abin da ya kai ni zan fara. Ina cikin masu aikin rigakafin shan inna a lokacin da taswirar kowace mazaɓa da hannu ake zana ta a takarda. Mai zanen abin da ya sani yake sawa. Rugar da bai sani ba, ko 'yan gidajen da ke bakin iyakar mazaɓu biyu kowa yana zaton na ɗayan ne, ba sa shiga, yaran wurin kuma ba a ɗiga musu. Wajen 2012 aka fara fitar da taswirar garuruwa daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma riƙa ba 'yan rigakafi waya su sa a jaka tana ajiye sawun duk inda suka taka. Da yamma a haɗa sawun da taswira, sai ga unguwannin da ba a shiga ba sun fito fili, washegari a koma. Ranar da na fara ganin wannan a allo jikina ya yi sanyi, don wasu wuraren ni da kaina na sha sa hannu cewa an gama su. Ba ni cewa taswira ce kaɗai ta yi aikin, sarakuna da malamai da matan da suka bi gida-gida su ne ƙashin bayansa, amma tana cikin abin da ya kai mu ga 25 ga Agusta 2020, ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

To da wannan tambayar na tafi karatu: yaya ake ƙiyasta yawan mutanen ƙauye daga rufin ɗakunan da ake gani a hoto? Saboda ina da ita, duk darasin da aka yi na san inda zan kai shi. Waɗanda muka zauna aji ɗaya da suka zo don takarda kawai sun sha wuya wajen zaɓen abin bincike, wasu sai da aka zaɓa musu. Kai mece ce taka tambayar? Kafin a yi maganar gida ko waje, wannan nake so in ji.

Mansur: Kafin ya amsa, Anti, bari in faɗa masa abin da ba a rubutawa a takardar neman shiga. Ni a gida na yi, ba zan kama sunan makarantar ba. An ce mana shekara biyu. Shekara uku da rabi na yi. Yajin aikin 2022 ya ci wata takwas, wannan ba laifin kowa a sashenmu ba ne. Amma bayan an dawo, babi na uku ya yi wata biyar a teburin mai duba aikina, ɗalibai sun yi masa yawa, ga koyarwa, ga aikin ofis. Da na gama kuma muka jira mai jarrabawa na waje wata da watanni. Duk shekarar da ta zagayo sai ka sake biyan rajista. Ɗakin kwamfutar akwai, amma lasisin ArcGIS ɗin ya ƙare, wuta kuma sai an tada janareto. Abin da na iya da hannuna, a ɗakina na koye shi, a kan QGIS. Ban yi nadama ba, don da takardar na samu koyarwa a kwaleji, amma ka shiga da idonka a buɗe.

Dakta Bala: Mansur bai yi ƙari ba. Shi ya sa nake gaya wa duk mai nema: malami za ka fara zaɓa kafin makaranta. Ka duba maƙalun da ya wallafa cikin shekara biyar da suka wuce, ka nemi ɗalibansa biyu da suka gama ka tambaye su a keɓe shekara nawa suka yi, kuma sau nawa yake zama da su. Wuraren yi a gida akwai. ABU Zariya tana da mastas a GIS da nazarin hotunan sama, FUT Minna ta daɗe a fannin, akwai Ibadan da Akure. Akwai kuma cibiyar AFRIGIST a harabar jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wadda a da ake kira RECTAS, tun 1972 take, ta ƙasashen Afirka ce, da Turanci da Faransanci ake koyarwa. Galibi ana neman digiri mai daraja ta biyu da takardar bautar ƙasa, mai HND ko daraja ta uku kuma yakan fara da difilomar gaba da digiri, wato PGD. Ka nemi tiranskirif ɗinka tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Isuhu Maraɗi: Salama alaikum 'yan uwa. Ni daga wannan gefen iyaka nike. Ku ƙara da cibiyar AGRHYMET ta Yamai, tun 1974 take ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel ta yaƙi da fari, aikinta ruwan sama da noma da makiyaya, kuma tana horas da ɗalibai har matakin mastas. Sai dai wanda zai zo ya gyara Faransancinshi. Amma abin da ya sa na yi magana shi ne tambayar Hajiya. Mu nan, shekaru ana faɗin hamada ta cinye mu. Sai masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij sunka ɗauko hotunan sama na 1975 sunka gwama da na wajen 2005, sai ga itace ya ƙaru a gonakin Maraɗi da Damagaram, har aka ƙiyasta kadada kamar miliyan 5. Ba gwamnati ta dasa ba. Manoma ne sunka bar kututture yana tohuwa, sunka riƙa gyara shi, abin da muke ce ma sassaben zamani. Gawo ya cika gonaki. Ga darasin: a hoton Landsat, ɗigo guda mita 30 ne kowane gefe, gawo ɗaya-ɗaya cikin gonar hatsi ba ya fitowa da kyau. Sai da anka duba hotuna masu kaifi, anka taka ƙasa, anka zauna da manoma. Tsohona bai yi lakkwal ba, wato boko, amma ya san gawo ganyenshi da rani yake fitowa, da damina ya zubar. Wanda bai san haka ba, ya ɗauki hoton watan Agusta yana neman gawo, me zai gani?

Dakta Bala: Malam Isuhu, Allah ya saka. Wannan misalin zan kai shi aji. Irin aikin da marigayi Michael Mortimore ya yi a karkarar Kano ke nan shekara da shekaru, hoton sama a hannu ɗaya, hira da manomi a ɗayan.

Maman Ilham: Don Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa. Ina da yara biyu ƙanana, ina aiki a ma'aikatar filaye, tafiya Zariya ko Minna ba za ta yiwu mini ba yanzu. Akwai wanda ake yi daga gida ta intanet kuma a karɓi takardar?

Hajiya Rabi: Akwai, 'yar uwa. UNIGIS na jami'ar Salzburg a Ostiriya dama don ma'aikata aka tsara shi, jami'ar Penn State ta Amurka ma tana da nata. Matsalar da kuɗin waje ake biya, kin kuma san yadda naira take, tallafi kuma ya fi yawa ga masu tafiya. Kafin ki biya ko sisi ki tambayi ofishinku a rubuce ko za su lissafa miki shi a ƙarin girma, kuma takardar waje sai an kai ta ma'aikatar ilimi ta tarayya an tantance. Ki turo mini saƙo ta gefe mu yi magana, ni ma da goyo na yi rabin nawa.

Shugaban Zaure: Jama'a, masu turo tallar kwas na kwana uku da satifiket, don Allah a dakata, na goge guda biyu. A bar maganar Sadiƙu ta kai ƙarshe.

Kamalu: Ni dai har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. A faɗa wa yaron nan gaskiya game da aiki. Ana jin hukumomin taswirar filaye, AGIS a Abuja tun 2003, ga KADGIS ta Kaduna, ga KANGIS ta Kano, ga NAGIS ta Nasarawa, jihohi da yawa sun buɗe nasu, ga hukumar ƙidaya, ga hukumar sararin samaniya ta NASRDA da cibiyarta ta Jos, sai mutum ya zaci guraben suna jiransa. Ba haka ba ne. Ɗaukar aikin gwamnati kowa ya san yadda yake. Inda ake samun shiga da ƙwarewa su ne ƙungiyoyin lafiya da na agaji, kamfanonin rarraba wutar lantarki masu ƙidayar kwastomomi da turakunsu, kamfanonin sadarwa, da ayyuka irin ACReSAL na Bankin Duniya a jihohin Arewa 19 da Abuja. Su kuma yawanci kwantiragi ne, wata shida, shekara ɗaya. Wanda ya iya rubuta Python ya kuma iya PostGIS, rumbun ajiye bayanan taswira, shi ake sake kira. Wanda zanen taswira kawai ya iya, akwai irinsa ɗari a layi.

Hajiya Rabi: Ban musa ba, Kamalu. Amma ka faɗi ɗaya gefen. A inda nake aiki, in an zo ɗaukar wanda zai shugabanci sashe ko ya tsara bincike, mastas na cikin sharuɗɗan da ake rubutawa, kafin ma a kira mutum hira an tace waɗanda ba su da shi. Kai kanka ka gaya mini an taɓa tsallake ka saboda haka.

Kamalu: An yi haka, Anti, sau biyu. Ya yi mini ciwo. Amma da a ce takardar na fara nema kafin hannu, da shekara shidan nan ban ci abinci da aikin ba.

Sadiƙu Kurna: Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa da alheri. Anti Rabi, tun ɗazu nake juya tambayarki. Ban sani ba ko wannan ya isa a kira shi bincike. Muna yara akwai kududdufai uku a kewayen unguwarmu. Yanzu ɗaya ya rage, shi ma ana ta zuba masa shara daga gefe ana cin sa. Biyun an cike su an yi gini. Tun daga nan duk watan Agusta ruwa sai ya shigo mana gida, bara har katangar maƙwabcinmu ta faɗi cikin dare, Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Dattawa suna cewa cike kududdufan ne, wasu suna cewa ruwan sama ne ya ƙaru, wasu suna cewa kwatoci ne suka toshe. Kullum ina so in san wanne ne, kuma kududdufai nawa birnin Kano ya rasa.

Dakta Bala: Sadiƙu, wannan ba isa kawai ya yi ba, ya fi yawancin batutuwan da ake kawo mini. Abin da aka saba kawowa shi ne sauyin amfani da ƙasa a ƙaramar hukuma kaza daga shekara kaza zuwa kaza, a sauke Landsat uku, a raba kala huɗu, a ce gine-gine sun ƙaru, abin da duk mai ido ya sani. Taka tana da dalilai uku masu takara, kuma kowanne ana iya gwada shi. Na ruwan sama, ka nemi bayanan hukumar hasashen yanayi ta NiMet na tashar filin jirgin sama, ka duba ko ruwan da ke sauka a yini ɗaya ya ƙaru. Na kududdufai, ka ƙirga su a lokuta daban-daban ka auna faɗinsu. Na kwatoci, sai ka taka da ƙafa. Amma ka lura da abin da Malam Isuhu ya faɗa: ƙaramin kududdufi zai ɓace a ɗigon Landsat. Sentinel-2 mita 10 ne, ya fi kaifi, sai dai daga 2015 ya fara. Tsofaffin hotunan Google Earth za su mai da kai baya kaɗan. Don can baya sosai, ka duba hotunan CORONA na leƙen asirin Amurka da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972, an sake su a 1995, ana neman su a shafin intanet na EarthExplorer. Daidaita irin waɗannan hotunan da taswirar yau aiki ne mai wuya, kuma irinsa ne ake buƙatar malami a kai.

Kamalu: A nan kam zan taimaka. Da damina gajimare zai rufe maka Sentinel-2 daidai lokacin da kake son ganin ruwan. Ka yi amfani da Sentinel-1, rada ce, tana ratsa gajimare, ruwan da ke kwance baƙi yake fitowa. A tsakiyar gine-gine tana rikicewa, amma a fili tana aiki. Ina da rubutaccen umarnin Earth Engine da na yi amfani da shi lokacin ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, zan ba ka ka gyara. Kuma ka ga abin da nake faɗa: duk wannan za ka iya farawa a makon nan, ba sai an ba ka lambar rajista ba.

Hajiya Rabi: Ya fara ɗin, a nan ni da kai mun haɗu. Sadiƙu, abin da za ka tara cikin wata shida shi ne zai zama takardar neman shigarka a gida, shi ne kuma zai zama labarin da za ka rubuta wa masu tallafi. Chevening na Birtaniya mastas na shekara ɗaya ne, suna son wanda ya yi aiki shekara biyu, koyarwarka za ta shiga lissafi, kuma sharaɗi ne ka dawo gida bayan ka gama. Erasmus Mundus na Tarayyar Turai kuma a ƙasa biyu ko fiye ake yin sa, akwai na wannan fannin. Akwai Commonwealth, akwai DAAD na Jamus. Masu nema suna da yawa ƙwarai, ni sai a karo na uku na samu, don haka ka nemi na gida da na waje a lokaci guda, kada ka ajiye ɗaya kana jiran ɗaya. Masu tantancewa sun gaji da karanta "ina son taimakon ƙasata". Wanda ya ce ga kududdufai uku, ga wanda ya rage, ga taswirar da na fara, ga abin da na kasa yi saboda ban da ilimin, shi ake tsayawa a karanta.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Cike kududdufi akwai masu cin moriyarsa, kuma mutanen da ke zaune a kai da yawansu saya suka yi da guminsu ba su san komai ba. Kada ka sa sunan kowa ko hoton ƙofar gidan kowa a taswira. Mu a aikin lafiya an koya mana wannan da wuya, musamman wuraren rugage a wannan yanayi na tsaro. Kuma kada wani ya ba ka aron jirgi marar matuƙi ka tayar a cikin gari, sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaro.

Baba Garba Safiyo: Ɗana, ka faranta mini rai. Kududdufan nan ba haka kawai suka samu ba, ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne tun kaka da kakanni, da su aka gina gidajen birni da badala, su kuma suka zama matattarar ruwa kafin ya gangara Jakara. Kashedi ɗaya: kada ka dogara da SRTM, taswirar tudu da kwari da aka ɗauko daga sama, wajen sanin inda ruwa ke gangarawa a cikin unguwa. Mita 30 ne, an ɗauke shi tun shekarar 2000, kuma rufin gidaje yake gani ba ƙasan lungu ba. A Kano bambancin rabin mita shi ke raba gidan da ruwa zai shiga da wanda zai tsallake. Wannan sai da lebur, na'urarmu ta auna tudu da kwari. Nawa yana nan a akwatinsa, yana aiki.

Sadiƙu Kurna: Baba, in ba takura zan zo in koya. Ga abin da na tsayar in Allah ya yarda: zan sayi kwamfutar da rabin kuɗin, in fara da kududdufan unguwarmu a hannun Yaya Kamalu, in nemi tiranskirif a wannan watan, in cike fom na gida idan an buɗe, in kuma gwada na waje. Malam, zan turo maka shafi biyu ka duba mini in ka samu sarari.

Dakta Bala: Turo. Ka rubuta tambayar a jimla ɗaya a saman shafin farko.

Mansur: Ka ware kuɗin rajistar shekara ta uku a gefe tun yanzu, ko da ba za a kai can ba.

Baba Garba Safiyo: Asabar bayan sallar asuba ka same ni a gida, Kamalu ya san wurin. Kafin nan ka je wajen mai unguwarku ka gaishe shi, ka gaya masa abin da za ka yi, ka roƙe shi ya haɗa ka da dattawa biyu ko uku. Ka rubuto sunan kowane kududdufi yadda suke kiransa, da shekarar da suka tuna an fara cike shi, da inda ruwansa yake fita in ya cika. Ka taho da littafi mai bango mai ƙarfi da fensir, biro yana narkewa in ruwa ya taɓa shi.